Vim yana hargitsa mini tazara da launi a rubutun shell: ina gyaran yake?

Tambaya: Ina rubuta fayilolin bash da editan rubutu Vim a kan sabar Ubuntu. In na danna Enter bayan `then` layi ba ya shiga ciki, in na rubuta `#` sai ya koma can bakin hagu, wani lokaci kuma rabin fayil ya rine da launi ɗaya. Da na yi `gg=G` don ya jera mini komai, sai bash ya fara kuka a kan wani heredoc (rubutu mai layi-layi da ake miƙa wa umarni daga cikin fayil ɗin, har zuwa wata kalmar rufewa) da a da yake aiki lafiya. Me ya kamata in saka a `.vimrc`, fayil ɗin saitin Vim?

Amsa: Ɗan'uwa, ka dakata da ƙara komai a `.vimrc` tukuna. Abin da ka lissafa ba ciwo ɗaya ba ne. Wasu daga ciki na saitin Vim ne, wasu kuwa fayil ɗin ne da kansa yake da aibu, Vim yana nuna maka ne kawai. Wanda ya kwafo saiti layi ashirin daga intanet ya zuba, yakan rufe alamar ciwon ne ya bar ciwon. Don haka a fara da tambayar Vim abin da yake gani.

Buɗe fayil ɗin, ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

```
:set filetype?
:filetype
:verbose set indentexpr? shiftwidth? expandtab? smartindent? paste?
```

Amsar da ake so ita ce `filetype=sh`, sannan `detection:ON plugin:ON indent:ON`, sannan `indentexpr=GetShIndent()`. Kalmar `verbose` ita ce mai amfanin, domin tana faɗa maka fayil ɗin da ya taɓa kowane saiti a ƙarshe. Sau da yawa a nan ake kama ɓarawon.

In `indentexpr` ya fito babu komai a gabansa, Vim bai ɗauko dokokin jera layi na shell ba, shi ya sa Enter bayan `then` ba ya yin komai. Abin da ya fi jawo wannan yana da ban haushi. Tun daga Vim 8.0 na shekarar 2016, in mutum ba shi da `~/.vimrc`, Vim yana karanta wani fayil nasa mai suna `defaults.vim` wanda yake kunna launi da jera layi. Ranar da ka ƙirƙiri `.vimrc` naka, ko da layi ɗaya ne a ciki kamar `set number`, ya daina karanta wancan. Sai ka ga abin da yake aiki jiya ya mutu yau. Maganinsa layi biyu ne a saman `.vimrc`:

```
filetype plugin indent on
syntax on
```

Ko kuma ka saka `source $VIMRUNTIME/defaults.vim` a layin farko, ka dawo da saitin asali gaba ɗaya. In ka rubuta `syntax on` ya amsa maka da `E319`, to ba cikakken Vim ke hannunka ba, `vim-tiny` ne da Ubuntu da Debian suke zuwa da shi. Umarnin `vim --version` zai nuna `-syntax` maimakon `+syntax`, kuma `sudo apt install vim` ya raba gardama. Haka nan in da `sudo vim` kake buɗe fayil, mai yiwuwa saitin root yake karantawa, ba naka ba. Yi amfani da `sudoedit`, shi yana buɗe kwafin fayil ɗin da editanka da saitinka, in ka gama ya mayar da shi wurinsa.

In kuwa `filetype` ne ya fito wayam, Vim bai gane fayil ɗin ba. Yana ganewa ne daga ƙarshen suna kamar `.sh`, ko daga layin farko mai `#!`, kuma a lokacin buɗewa yake dubawa. Sabon fayil mai suna `ajiya` kawai, wanda ka buɗe babu komai a ciki, ba shi da ko ɗaya. Rubuta `#!/bin/bash`, ka yi `:w` sannan `:e`, ko ka ce `:filetype detect`.

Sai batun `#` da yake tsalle zuwa bakin hagu. Wannan aikin `smartindent` ne, ko ɗan'uwansa `cindent`. An gina su ne don yaren C, inda layin da ya fara da `#` kamar `#include` al'adarsa ya zauna a farkon layi. A shell kuwa `#` sharhi ne, wurinsa yana tare da layin da yake bayani a kai. Ƙari a kan haka, muddin `smartindent` yana kunne, `>>` ma ba ya tura layin da ya fara da `#`. Za ka ga ana ba da wata dabara ta `inoremap` don a zagaye matsalar, amma ba ka buƙatarta. Goge `set smartindent` da `set cindent` daga `.vimrc`. Fayil ɗin `indent/sh.vim` da yake zuwa da Vim ya riga ya kashe `smartindent`, ya kuma cire `0#` daga `indentkeys`. In har yanzu `#` yana tsalle bayan ka kunna `filetype plugin indent on`, to akwai wani `autocmd` ko wani ƙari (plugin) da yake sake kunna shi daga baya, kuma `:verbose set smartindent? cindent?` zai tona shi.

Faɗin tazara kuma saituna huɗu ne suke riƙe da shi, mutane suna yawan cakuɗa su. `tabstop` shi ne faɗin da harafin tab yake ci a allo. `shiftwidth` shi ne yawan matsawar da `>>` da `=` da jera layi na kai tsaye suke yi. `softtabstop` shi ne abin da maɓallin Tab da Backspace suke yi in kana rubutu. `expandtab` kuma yana cewa a zuba sarari maimakon harafin tab. Ɓarnar tana zuwa ne in `shiftwidth` 4 ne, `tabstop` 8, kuma `expandtab` a kashe: mataki na farko sarari huɗu, na biyu tab ɗaya, na uku tab da sarari huɗu. A allonka komai daidai yake. Wanda ya buɗe da edita mai tab 4 zai ga mataki na farko da na biyu sun haɗe wuri ɗaya.

Kada ka saka waɗannan a `.vimrc` kai tsaye, domin za su shafi Makefile da Python da duk wani abin da ka buɗe. Wurinsu shi ne `~/.vim/after/ftplugin/sh.vim`:

```
setlocal shiftwidth=4 softtabstop=-1 expandtab
setlocal formatoptions-=r formatoptions-=o
setlocal list listchars=tab:>-,trail:.,nbsp:+
```

Lambar `-1` tana nufin `softtabstop` ya bi `shiftwidth`, don kada ka riƙa canza lamba a wuri biyu. Layi na biyu yana hana Vim saka maka sabon `#` duk lokacin da ka danna Enter ko `o` a kan layin sharhi. In kana son wannan ɗabi'ar ka cire layin. Na uku shi ne wanda bai kamata mai rubuta shell ya rasa ba, domin yana fito da tab da sararin ƙarshen layi fili, kuma rabin abin da za mu tattauna a ƙasa haruffan da ido ba ya gani ne. In tab ka zaɓa maimakon sarari, layin farko ya zama `setlocal noexpandtab tabstop=4 shiftwidth=0 softtabstop=0`, inda sifilin `shiftwidth` yake nufin ya bi `tabstop`. Abu ɗaya da ya kamata ka sani: Vim yana karanta `ftplugin` kafin `indent`, don haka duk abin da ya shafi `indentkeys` ko `indentexpr` a `~/.vim/after/indent/sh.vim` za ka saka shi, in ba haka ba a rubuce a kansa bayan ka saita.

Yanzu ga heredoc, inda gizo yake saƙa. A mafi yawan rubutun shell tazarar farkon layi ado ce, bash bai damu da ita ba. Heredoc yana cikin wurare kaɗan da ba haka ba. In ka buɗe da `<<EOF`, kalmar rufewa dole ta tsaya ita kaɗai a farkon layi, babu sarari a gabanta, babu a bayanta. In ka buɗe da `<<-EOF`, mai ɗan jan layi, shell yana share tab ɗin farkon kowane layi har da na kalmar rufewa. Tab kaɗai. Sarari ko ɗaya ba ya sharewa.

```
if [ -z "$1" ]; then
	cat <<-EOF
	Yadda ake amfani: ajiya.sh babban_fayil
	EOF
	exit 1
fi
```

Wannan yana aiki ne saboda abin da yake gaban `EOF` tab ne na gaske. Da zarar `expandtab` yana kunne kuma wani abu ya sake jera waɗannan layukan, tab ya zama sarari huɗu, bash ya wuce `EOF` bai gane shi ba, ya ci gaba da haɗiye `exit 1` da `fi` da duk sauran fayil a matsayin rubutun heredoc. Saƙon da za ka gani shi ne ``here-document at line 2 delimited by end-of-file (wanted `EOF')``, sau da yawa kuma `syntax error: unexpected end of file` ya biyo baya, tunda `fi` ɗin ya tafi cikin cikin heredoc. Kusan tabbas abin da `gg=G` ya yi maka ke nan. Sababbin fitowar `indent/sh.vim` suna ƙoƙarin barin heredoc yadda suka same shi, tsofaffi ba sa yi, kuma sabar da ta daɗe ba a sabunta ta ba tsohon take ɗauke da shi.

Gyaran na yanzu: je layin `EOF`, ka goge sararin, ka saka tab na gaske ta hanyar danna Ctrl-V sannan Tab, wanda yake ratsa `expandtab`. Da `list` a kunne za ka ga `>---` ya bayyana. Gyaran dindindin zaɓi ne tsakanin biyu. Ko dai fayil ɗin duka ya koma tab, sai `<<-` ya zauna lafiya. Ko kuma ka tsaya a kan sarari, ka daina amfani da `<<-`, ka riƙa rubuta `<<EOF` da rubutunsa manne da bakin hagu. Na biyun ba shi da kyan gani a tsakiyar `if`, amma ba ya karyewa in wani ya buɗe da wata edita. A ganina fayil mai sarari ko'ina sai tab a heredoc kaɗai tarko ne da ka ɗana wa wanda zai gaje ka. In munin ne ya dame ka, kwashe heredoc ɗin ka ba shi `function` nasa a saman fayil, ko ka mayar da shi `printf '%s\n'` mai layi-layi in gajere ne.

Ba heredoc kaɗai `gg=G` yake iya taɓawa ba. Zancen da yake cikin alamar zance ya ratsa layi biyu ko uku, kamar saƙon imel ko umarnin SQL ko shirin `awk`, duk sararin da aka ƙara masa ya zama ɓangaren zancen. Bash ba zai yi ƙorafi ba, sakamakon ne kawai zai canza shiru. Haka `:retab`, wanda yake juya duk tab ɗin da ya samu, har wanda yake cikin `cut -d'	'` ko `IFS`. Garin gyaran gira sai a rasa ido. In kana son juya na farkon layi kaɗai, `expand -i -t 4` yana mayar da tab sarari, `unexpand --first-only -t 4` yana yin akasin haka, amma su ma ba su san heredoc ba. Tab ɗin da yake da ma'ana a cikin umarni kuwa, rubuta shi `$'\t'` a bash, kowa ya gan shi, babu editar da za ta ci shi. Sannan ka saba da jera ɗan yanki maimakon fayil duka: `==` na layi ɗaya, `=ip` na sakin layi, ko ka zaɓi wurin da `V` ka danna `=`.

Akwai `b:sh_indent_options` in salon jerawar bai yi maka ba:

```
let b:sh_indent_options = {}
let b:sh_indent_options['continuation-line'] = 4
let b:sh_indent_options['case-statements'] = 4
let b:sh_indent_options['case-breaks'] = 0
```

Na farko na layin da ya ci gaba bayan `\` ne, na biyu na umarnin da suke ƙarƙashin kowane zaɓi na `case`, na uku na `;;`. Akwai na huɗu, `case-labels`, amma `:help ft-sh-indent` da kansa ya rubuta cewa ba a aiwatar da shi ba, kada ka ɓata lokaci a kansa. Tunda an ambaci `\`: dole ya zama harafin ƙarshe a layi. Sarari ɗaya a bayansa ya isa ya sa ya kare sararin maimakon ƙarshen layi, sai layi na gaba ya zama umarni mai zaman kansa. Wannan ne amfanin `trail:.` da muka saka. Layin da ya ƙare da `|` ko `&&` ba ya buƙatar `\` sam.

Mu koma kan launi. Abu biyu ne daban: jan launi na kuskure a kan wasu kalmomi, da rinewar rabin fayil.

Na farko yana zuwa ne daga irin shell ɗin da Vim ya ɗauka kana rubutawa. Fayil ɗaya ne, `syntax/sh.vim`, yake kula da Bourne na asali da ksh da bash da POSIX (ƙa'idar gama-gari ta `sh`), kuma layin `#!` yake dubawa ya zaɓa. In ka rubuta `#!/bin/sh`, tsofaffin Vim suna ɗaukar sa Bourne na da can, sai su ja wa `$(...)` jan launi alhali daidai yake a kowane `sh` na yau. Saka `let g:is_posix = 1` a `.vimrc` ya gyara wannan. Shawarar da ta fi yawo ita ce `let g:is_bash = 1`, kuma tana share jan launin, amma ka yi hattara da ita. A Ubuntu `/bin/sh` ba bash ba ne, wani shell ne daban mai suna dash, tun fitowar 6.10 a 2006, Debian ma ta bi sahu. In fayil ɗinka ya fara da `#!/bin/sh` kuma akwai `[[ ... ]]` ko `sunaye=(a b c)` a ciki, gargaɗin Vim gaskiya ne: dash zai ce `[[: not found` ko `Syntax error: "(" unexpected`. Gyaran a layin farko yake, ka mayar da shi `#!/bin/bash`. Ka bar `g:is_bash` don fayilolin da ba su da `#!`, irin waɗanda ake jawowa da `source`. Don ganin abin da Vim ya zaɓa a fayil ɗin da ke gabanka, `:echo exists('b:is_bash')` zai ba ka 1 ko 0.

Rinewar rabin fayil kuwa, kafin ka zargi Vim, gudanar da `bash -n fayil.sh`, wanda yake karanta fayil ba tare da ya aiwatar da shi ba. In ya ce ``unexpected EOF while looking for matching `''``, akwai alamar zance da aka buɗe ba a rufe ba, kuma wurin da launin ya fara canzawa nan kuskuren yake. Mu masu rubuta saƙonni da Hausa wannan yana kama mu fiye da wasu, saboda alhamza. Duba:

```
echo 'An gama cikin sa'a ɗaya'
echo 'ma'aikaci ya jira sa'a'
```

A layin farko alamun uku ne. Ta cikin `sa'a` ta rufe zancen, ta ƙarshe ta buɗe sabo, wanda zai ci gaba har sai ya haɗu da wata a can ƙasa. Na biyun ya fi sharri in shi kaɗai ne, domin alamun huɗu ne, sun yi daidai, bash ba zai ce uffan ba, amma abin da zai fito shi ne `maaikaci ya jira saa`. Mafita ita ce alamar zance mai biyu, `echo "An gama cikin sa'a ɗaya"`, da sanin cewa a cikinta `$` da `` ` `` suna aiki. In dole sai mai ɗaya, ana rubuta alhamzar haka: `'sa'\''a'`. A cikin heredoc da sharhi alhamza ba ta da illa. Togiya ɗaya ita ce bash 3.2 da yake zuwa da macOS, wanda yake rikicewa in heredoc mai alhamza yana cikin `$(...)`. Wannan tsohon bash ɗin yana kuma tuntuɓe da `case` a cikin `$(...)`, saboda baka mai rufewa ta kowane zaɓi ba ta da abokiyar buɗewa. Rubuta zaɓin da baka biyu, `(fara)` maimakon `fara)`. POSIX ya yarda da haka, kuma yana taimaka wa editoci su daidaita bakunan.

In `bash -n` ya yi shiru amma launin bai dawo ba, to laifin na Vim ne. Ba ya karanta fayil daga sama duk lokacin da zai rina allo, yana komawa baya ne layi 200 daga inda kake ya fara lissafi. In ka faɗa tsakiyar dogon heredoc da `G` ko da bincike, bai ga inda aka buɗe shi ba, sai ya ɗauki alhamzar farko da ya tarar a matsayin buɗe zance. Ctrl-L wani lokaci yana warwarewa, `:syntax sync fromstart` yana warwarewa tabbas. Don kada ya dawo, `let g:sh_minlines = 800` a `.vimrc`, ko wata lamba da ta fi heredoc ɗinka mafi tsawo. Farashinsa ɗan nauyi ne a babban fayil. In nauyin ya wuce daƙiƙa biyu Vim zai ce `'redrawtime' exceeded` ya kashe launin gaba ɗaya, sai ka ɗaga `redrawtime` daga 2000 ko ka rage lambar `g:sh_minlines`. Layi mai tsawon gaske ma, kamar na base64, Vim yana daina rina shi bayan harafi 3000, kuma hakan yana iya rikita layukan da suke biye. In kana son sanin me Vim ya ɗauki wani wuri, ɗora alamar rubutu a kai ka ce `:echo synIDattr(synID(line('.'),col('.'),1),'name')`. In ya ce `shSingleQuote` a kan layin da umarni ne, ka san inda za ka bi.

Sauran haruffan ɓoye guda biyu. Fayil ɗin da ya bi ta Windows yana ƙare kowane layi da haruffa biyu, CR da LF. Bash yana ɗaukar CR a matsayin ɓangaren kalma, sai `then` ya daina zama `then`, `EOF` ya daina zama `EOF`. Alamunsa su ne `$'\r': command not found` da `/bin/bash^M: bad interpreter`. Abin takaicin shi ne in duk layukan haka suke, Vim yana ɓoye su. `:set fileformat?` zai ce `dos`; ka yi `:set fileformat=unix` sannan `:w`. In a gauraye suke za ka ga `^M` a wasu layuka, `:%s/\r$//` ya share su. A ma'ajiyar git ka saka `*.sh text eol=lf` a `.gitattributes` don kada su dawo. Na biyu shi ne abin da kwafe daga shafin intanet ko manhajar hira yake kawowa: sarari mai lamba U+00A0 wanda bash ba ya ɗauka a matsayin rabuwar kalma, da alamun zance masu lanƙwasa. Nemo na farko da `/\%u00a0`, ka share da `:%s/\%u00a0/ /g`. Duk harafin da ka yi shakkarsa, `ga` zai nuna lambarsa.

Manna rubutu da yake fitowa kamar matakalar bene, kowane layi ya fi na samansa shiga, yana faruwa ne saboda Vim ya ɗauka kai ne kake bugawa, yana ƙara tasa tazarar a kan wadda ta zo. Vim 8 zuwa sama yana gane manni da kansa a yawancin taminal, amma a cikin `tmux` ko `screen` ko wata tsohuwar hanyar SSH yakan kasa. Yi `:set paste`, ka manna, ka yi `:set nopaste` nan take. Mantawa da na ƙarshen yana kashe jera layi da `expandtab` duka, shi ya sa `paste?` yake cikin tambayoyin farko. Wanda ya saka `set paste` a `.vimrc` ya kashe wa kansa jera layi na dindindin bai sani ba.

Gaskiyar da ta rage ita ce `GetShIndent()` ba ya fahimtar shell, kamannin layi yake dubawa yana ƙiyasi. Ya isa lokacin bugawa. Don jera fayil duka, akwai abin da ya fi shi. `shfmt`, wanda Daniel Martí ya rubuta da Go, yana karanta fayil yadda shell yake karantawa, don haka ya san zance, ya san heredoc:

```
shfmt -i 4 -ci -d fayil.sh
shfmt -i 4 -ci -w fayil.sh
```

`-i 4` sarari huɗu ne, `-i 0` tab, `-ci` yana tura zaɓuɓɓukan `case` ciki, `-d` yana nuna abin da zai canza, `-w` yana rubutawa. Daga cikin Vim kuma `:%!shfmt -i 4 -ci`. In fayil ɗin yana da kuskure, saƙon kuskuren ne zai maye gurbin rubutunka duka. Kada ka firgita, kada kuma ka yi `:w`, danna `u`. Saboda wannan ban ba da shawarar a ɗora shi a kan `equalprg`, saitin da yake miƙa aikin `=` ga wani shiri na waje, ba, tunda `=` a kan rabin `if` kullum kuskure zai zama a wurinsa. In kuna aiki da mutane da yawa, ku rubuta `indent_style` da `indent_size` a `.editorconfig`. `shfmt` yana karanta shi muddin ba ka ba shi zaɓin salo a layin umarni ba.

Abokin tafiyarsa shi ne ShellCheck na Vidar Holen, wanda yake da lamba ga kusan duk abin da aka ambata: SC1040 na sarari a gaban kalmar rufe `<<-`, SC1039 na tazara a gaban ta `<<`, SC1101 na sarari bayan `\`, SC1017 na CR, SC1018 na sararin U+00A0, SC3010 na `[[` a ƙarƙashin `#!/bin/sh`. Ƙara `setlocal makeprg=shellcheck\ -f\ gcc\ %` a fayil ɗin `after/ftplugin` naka, sai `:make` ya duba, `:copen` ya jera kurakuran, Enter ya kai ka kan kowanne. Ka ƙara `packadd! matchit` a `.vimrc` ma, don `%` ya riƙa tsalle tsakanin `if` da `fi`, `for` ko `while` da `done`, `case` da `esac`. In tazara ta karkace daga wani layi zuwa ƙasa, yawanci `fi` ɗaya ne ya ɓata, kuma wannan ce hanya mafi sauri ta gano shi.

Fayil ɗin da `gg=G` ya riga ya taɓa kuwa, gyara `EOF` bai tabbatar maka cewa sauran lafiya suke ba. `git diff -w` ba zai taimaka ba, domin sararin da kake nema shi yake ɓoyewa. In kana da tsohon kwafi, bayan ka gyara heredoc ɗin ka gwada wannan:

```
diff <(shfmt -mn tsoho.sh) <(shfmt -mn sabo.sh)
```

`-mn` yana matse fayil ya zubar da duk tazarar ado, ya bar wadda take cikin zance da heredoc. In `diff` bai fitar da komai ba, jerawar ba ta taɓa ma'ana ba. Duk layin da ya fito, shi za ka koma ka mayar da hannu.